Sharhi kan cajar mota mai baki biyu

Wannan ƙaramar cajar da ake cusawa a ramin kunna sigari na mota, wanda direbobi ke kira wurin laita, ta biya ni kuɗina, kuma duk wanda sana'arsa ke riƙe shi a kan titi ina ba shi shawarar ya nemi irinta. Tawa mai baki biyu ce, ɗaya USB-C mai ba da wat 20, ɗayan kuma tsohon bakin nan mai faɗi da ke kai wat 18. A wani shagon kayan waya kusa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna na saye ta. Na yi bazara da ita, na yi damina da ita, ina kai wa masu shaguna kaya daga Kakuri zuwa Kawo, wani lokaci har Zariya, kuma waya ce ofishina: kira, WhatsApp, duba alat, taswira.

Da yawa za su ce ai motarsu tana da ramin USB a jikin rediyo, me za su yi da wata caja? Tawa ma tana da shi. Sai dai a yawancin tsofaffin motocin da muke hawa, 'yan Kwatano, an yi wannan ramin ne don a sa filas a saurari karatu ko waƙa. Tsarin USB 2.0 bolt 5 yake bayarwa da rabin amfiya, wato wat 2.5 kacal. Wayoyin yanzu kuwa da yawansu batirin 5,000 mAh gare su, kuma da wannan ɗan ƙarfin sai a yi kusan awa 8 kafin ya cika, shi ma idan ba a taɓa wayar ba. In ka kunna data da taswira, ga hasken fuska a sama saboda rana, abin da ke shiga bai kai wanda ke fita ba. Alamar caji tana nan, amma ka taso daga Sabon Tasha da kashi 30, ka isa Mando ka tarar ya ragu. Kamar ɗiban ruwa ne da kwando.

Wurin laita daban yake. Wutar motar ce kai tsaye, bolt 12, idan inji na aiki kuma altaneta na ɗaga ta zuwa wajen 14, fiyus ɗinsa galibi na amfiya 10 ne ko 15. Aikin cajar shi ne ta sauke wannan wutar zuwa bolt 5 ko 9, gwargwadon abin da wayar ta nema. Da bakin USB-C ɗin, wayar da ta kusa mutuwa a Kawo nakan iso Zariya ta haura rabi, alhali ina amfani da ita a hanya. Ko wayoyi biyu na jona tana ɗauka, sai dai saurin yakan ɗan ragu kuma jikinta ya yi ɗumi.

Kada mutum ya sa ran ganin saurin cajar gida a kowace waya. Kamfanoni da dama suna da nasu tsarin caji mai sauri wanda sai da cajarsu yake aiki. Samsung, alal misali, cajinta na wat 25 yana buƙatar caja mai wani tsarin daidaita wuta da ake kira PPS, kuma tawa ba ta da shi. Wanda ke da irin wannan wayar ya duba kwalin kafin ya biya.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne igiyar caji, kuma ita ce rabin aikin. Na gwada siririyar igiyar nan mai arha da ake tallarta a gosulo, na gwada mai kauri a caja ɗaya, waya ɗaya, bambancin a fili yake. Siririyar tana cin wutar a hanya, kanta ya yi zafi, da an shiga gargada sai ka ji wayar tana ƙara tana yankewa tana dawowa. Gajera mai kauri ta fi dacewa da mota, ba ta kuma naɗe wa giya.

Amma babban abin da nake so a ji shi ne zafi. A Kaduna, watan Maris da Afrilu, motar da ta sha rana ko sitiyari ba ya taɓuwa. Mu kuma sai mu liƙa waya a gilashin gaba, rana na dukanta, taswira na aiki, ga caji mai sauri yana ƙara mata wuta daga ciki. Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran wayoyin ma irin batirin lithium ɗin suke ɗauke da shi. Idan waya ta yi zafi takan rage cajin da kanta ko ta tsayar da shi, sai mai ita ya ɗauka caja ce ta lalace. Na ga wayar wani ɗan'uwanmu direba da batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, waya ce da ya yi watanni yana tara kuɗinta, abin ya taɓa ni ƙwarai. Ni dai a bakin iskar esi nake maƙala tawa, in babu esi in ajiye ta a inuwa kusa da giya, in cire mata riga idan za ta daɗe a caji.

Cajar tana da nata aibin. Ƙarfen gefenta da ke riƙe ta a rami ya fara saki, a kan titin da ya farfashe takan zamo kaɗan ta daina aiki ba ka sani ba, sai ka tura ta da yatsa. Shuɗiyar fitilar da ke kanta ma ta yi haske da yawa ga mai tuƙin dare.

Wani mai gyaran wayarin mota a Panteka ya ƙara mini wani abu lokacin da yake canza mini fiyus. Ya ce, "Alhaji, ka tada mota tukuna kafin ka jona waya. Kuma akwai motocin da ramin nan ba ya mutuwa ko an zare makulli, in ka ga fitilar caja na ci bayan ka kashe mota, cire ta, kada ka bar motar kwanaki ta shanye maka batir." Ya kuma ja kunnena kada in yarda a naɗa wayar wuta a madadin fiyus idan ya ƙone, domin ta haka gobara ke tashi a mota. Masu manyan motoci kuwa wutarsu bolt 24 ce, sai su tabbatar an rubuta 12 zuwa 24 a jikin cajar kafin su saya.