Shagon haya da gyaran keke a kusa da kasuwar Katako: abin da muka gani

Matan ƙungiyarmu ta unguwa sun shirya zagayen keke a Yamai domin tara gudummawa ga matan da suka tsere wa duka da wulaƙanci a gidajen aurensu, a cikin kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata, waɗanda ke farawa 25 ga Nuwamba su ƙare 10 ga Disamba. Da yake yawancinmu ba mu da keke, sai muka yi haya a wani shago da ke kusa da kasuwar Katako.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mai shagon, dattijo mai haƙuri, ya duba kowane keke a gabanmu: ya matse birki, ya zuba wa kaca mai, ya sassauto da sirdi daidai tsawon kowace mace, sannan ya ce da ni, "Hajiya, a tattare bakin zane, kada kaca ta kama shi." Wannan shawara ta yi mana rana a kan gadar Kennedy, inda motoci da babura ke matse mai keke. Da ya ji dalilin tafiyar kuma, ya rage mana kuɗin haya ba tare da mun roƙa ba.

Sai dai kekunan mata, masu saukakken ƙarfe a tsakiya, sun yi kaɗan, kuma babu hular kwano ko ɗaya, wanda a ganina babban giɓi ne. Duk wadda za ta je, ta zo da tata hular, ta kuma kama keke tun ana gobe.