Injiniyan PZ da foldar da ta hana mu ajiya

Shagona na buga takardu yana Samaru a Zariya, ba nisa da babbar ƙofar jami'a. Kwamfuta huɗu gare mu. Uku yara ke aiki a kansu, ta huɗun tana kusa da teburina, kuma a cikinta foldar da muke kira "Ayyuka" take, inda kowa ke shiga ya ɗauko aiki ya mayar. Ƙanena ne ya haɗa mana tsarin kafin ya tafi bautar ƙasa, muka yi shekaru ban san akwai wani abu wai shi izinin fayil ba.

Da ta huɗun ta fara nauyi, na kira mai gyaran da muka saba da shi. Ya goge Windows ya sa sabuwa, ya rantse bai taɓa ɓangaren da ayyukanmu suke ba. Gaskiyarsa, komai na nan. Amma washegari yarinyar da ke kan ta biyu ta gyara babi na uku na wani ɗalibi, ta zo ajiyewa, kwamfuta ta ce ba ta da izini. Fayil ya buɗu, a karanta shi tsaf, ajiya ce babu. Ta ukun kuwa ko ƙofar ba ta kai ba. Ga shi lokacin furojet, benci ya cika har waje. Muka koma yawo da filash daga tebur zuwa tebur, kwana biyu kacal aka haɗa tsohon kwafi da sabo, muka buga wa wani yaro shafi 84 na aikin da malaminsa ya riga ya soke, har an yi masa bango. Daga aljihuna na sake bugawa.

Mai gyaran namu ya dawo, ya buɗe foldar ga kowa da kowa, abin bai motsa ba. Sai ya ce ƙwayar cuta ce, a sake gogewa. Na ce a'a, ya isa.

Wata maƙwabciyata mai sayar da littattafai ce ta yi mini kwatancen wani saurayi a unguwar PZ, shagonsa ɗan tsukuku, tsofaffin kwamfutoci jibge har rufi. Injiniya kowa ke ce masa. Bari in fara da laifinsa: mun yi da shi ƙarfe goma, sai bayan azahar ya iso, wai cunkoso a Kwangila. Kiran waya kuma sai ka yi uku kafin ya ɗauka.

Da ya zauna bai taɓa komai ba sai tambayoyi. Wa ke iya buɗewa? Wa ke iya ajiyewa? Me aka canza kafin abin ya fara? Da na ambaci sabuwar Windows sai ya gyaɗa kai, ya buɗe shafin tsaro na foldar, ya juyo da fuskar kwamfutar gabana.

"Hajiya, kin ga wannan doguwar lambar mai farawa da S-1-5-21? A da sunan yarinyarki ne a nan."

Ashe Windows ba da suna take gane mutum ba, da lamba ce. Duk asusun da aka buɗe, lambarsa daban. Da aka goge tsohuwar Windows asusan suka tafi da ita, mai gyaran ya buɗe sababbi da sunayen da, amma lambobin sun canza. Foldar kuwa tana nan tana jiran masu tsofaffin lambobi, ta bar wa sauran jama'a karatu kawai.

Na ce to ai an buɗe wa kowa, me ya hana? Nan ya yi mini bayanin da ya sa nake rubuta wannan. Ya ce in ɗauka gida ne mai zaure. Izinin rabawa shi ne ƙofar zaure, wanda ya zo ta wata kwamfuta nan zai fara tsayawa. Izinin da ke manne da fayil ɗin kansa, wanda suke ce wa NTFS, shi ne ƙofar ɗaki. In an wangale zaure ɗaki na kulle, baƙo tsakar gida zai tsaya. Cikin biyun, wanda ya fi tsanani shi ke aiki. Mutumina zauren ya yi ta wangalewa.

Gyaran bai kai awa biyu ba. Ya mayar da mallakar foldar ga sabon asusun mai kula, ya share matattun lambobin, ya haɗa rukuni biyu: masu bugu da masu koyo. Rukunin ya ba izini, ba mutum ɗaiɗai ba, don gobe in yaro ya bar aiki a cire sunansa kawai. Sannan ya sa ƙananan foldoji su gaji izinin uwarsu, domin wasu an yanke musu gadon tun tuni. Masu bugu suna iya gyarawa da ajiyewa amma ba sa iya sauya izini. Masu koyo karatu kawai a foldar ayyukan da aka gama. Na so in yi gardama, sai ya tambaye ni ko na san fayil ɗin da aka goge daga wata kwamfuta ta hanyar rabawa ba ya zuwa kwandon shara. Ban sani ba. Na tuna wani aikin digiri na biyu da ya ɓace mana bara, na yi shiru.

Kwamfuta ta ukun matsalarta daban ce: ta riƙe tsohuwar kalmar sirri a ma'ajiyarta, kullum ita take miƙawa ana korar ta. Ya goge, ya shigar da sabuwa, shi ke nan. Kafin ya tashi ya sa kowace yarinya ta buɗe fayil, ta rubuta kalma ɗaya, ta ajiye, yana tsaye a kanta. Ya kira ɗan koyo ya ce ya gwada gogewa, kwamfuta ta ƙi, sai a lokacin na ga haƙoransa.

Inda muka saɓa shi ne na'urar hoton takardu. Tsohuwa ce, a da tana tura abin da ta ɗauka kai tsaye cikin foldar. Ya ce da tsohon yaren rabawa, SMB1, take magana, wanda Microsoft ta daina kunnawa a sababbin Windows, kuma ta rauninsa ne ƙwayar cutar WannaCry ta yaɗu a Mayun 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Na ce Injiniya, wa zai baro Ingila ya zo Samaru neman furojet? Ya ce, "Hajiya, filash nawa ake soka miki a rana?" Ya ce in na matsa zai kunna, amma kada in kira shi in ta ɓaci. Ban matsa ba, sai dai har yau raina bai gama kwanciya ba, don aikin da na'urar ke yi da kanta yanzu yaro ke yi da ƙafa.

Kuɗinsa ya ninka na wancan, kuma ba ya ragi ko na sisi. Ya kuma tuna mini cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, biyu daga cikin kwamfutocina kuma ba za su ɗauki Windows 11 ba. Wannan na ce masa sai bayan Sallah.

Ya bar mini takarda guda da rubutun hannunsa: wane rukuni ke da wane izini, da abin da za a duba kafin a sake goge Windows. Na manna ta cikin durowa. Mai ofis ko makaranta ko shago irin nawa da foldarsa ke masa wannan wasan, in zai neme shi ya ce masa ƙarfe takwas, sai ya iso goma.