Manhajar Fiji wajen auna zaren tsoka

Duk mai shirin digiri na biyu ko na uku a nazarin tsoka zai ci karo da Fiji, wato ImageJ, manhajar nazarin hotunan madubin likita, da aka ƙara wa kayan aiki. Kyauta ce, kuma ƙwarewa a kanta ta cancanci a ambata a takardar neman gurbi.

Tana auna kaurin zare daidai, muddin yankan ya fita tsaf. A yanka tsokar da kaurin maikiron 10 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), a rina laminin, furotin da ke kewaye da kowane zare, don iyakokin zaren su fito, sannan a saita ma'aunin hoton da umarnin Set Scale na manhajar kafin a fara awo. Wanda ya manta, sakamakonsa zai fito a ɗigon hoto, ba maikiron ba. Gara a ɗauki ƙaramin awon Feret, wato faɗin zare ta inda ya fi siranta, maimakon girman filin da zaren ya cika a hoto, domin yankan da ya karkace yana kumbura fili.

Rauninta shi ne idan rini bai kama ba, sai ta haɗe zare biyu ta ƙirga ɗaya, dole a bi hoton da ido. Ramukan ƙanƙara kuwa, waɗanda ke fitowa idan tsoka ta daskare a hankali maimakon nan take cikin sinadarin isofentan da ruwan naitirojin ya sanyaya, ba ta da maganinsu.