Gargaɗi ga 'yan'uwa mazauna Jidda da Makka: mai tallan duron da "tasrihinsa" ɗan damfara ne

Assalamu alaikum jama'a. Na so in haɗiye wannan magana, domin yaron da abin ya faɗa wa ɗan ƙanwata ne, kuma har yau kunya ba ta bar shi ya haɗa ido da ni ba. Sai ga shi jiya bayan la'asar tallan ya sake faɗowa zaurenmu na WhatsApp, da sabuwar lamba da sabon suna, amma hotunan su ne dai na da. Na kira yaron na ce masa zan rubuta, ya ce, "Kawu, rubuta, kada dai ka sa sunana."

Ga yadda tallan yake. Hoton ƙaramin jirgi mara matuƙi ne, wanda yara ke kira duron, ƙirar DJI, a cikin kwalinsa, da batir uku da jaka. A ƙasa an rubuta: "Da tasrihinsa na hukuma, ka tashe shi ko'ina a Mamlaka, har Harami." Tasrihi shi ne takardar izini, Mamlaka kuwa Saudiyya ke nan. Sai gajeren bidiyo na Ka'aba daga sama, masu ɗawafi suna kewayawa fari fat. Jirgi riyal 1,800, tasrihi riyal 700.

Yaron nan sana'arsa ɗaukar hoton biki da suna a istiraha, wato gidajen da ake haya don taro. Yanzu kowace amarya so take a ɗauko ayarin motocinta daga sama, wanda ba shi da duron kuwa sai ya ga aiki yana wuce shi. Wata bakwai yana tara kuɗin. Da ya yi wa mai tallan magana, sai aka amsa masa da murya, Hausa rangaɗaɗau mai gauraye da Larabci irin tamu ta nan, "ya akhi" da "wallahil azim" ba adadi. Mutumin ya ce yana da wasɗa, wato ɗan hanya, a cikin hukumar jiragen sama, kwana biyu takarda ta fito. Ya nemi kafin alƙalami riyal 500, ya turo lambar asusu mai wani suna daban, wai na kafilinsa ne, wato wanda ya tsaya masa a takardun zama. Sannan ya nemi hoton igama, katin izinin zama a ƙasar. Sannan ya ce, "Yanzu za ka ga saƙo a Nafath, ka danna lambar da zan faɗa maka, da ita za a fitar da takardar da sunanka." Nafath ita ce manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum. Yaro ya danna.

Bayan kwana biyu takarda ta iso ta waya, ga tambarin dabino da takubba, ga sunansa da lambar igamarsa, ga hatimi, ga bakod a kusurwa. Ya cika sauran kuɗi. Kuma abin da ke kwantar wa mutane hankali ke nan: kaya sun zo. Wani direban kai saƙo ne ya miƙa masa leda a bakin gidan mai. Jirgin tsoho ne, fuka-fukansa duk ƙwarzane, batir biyu maimakon uku, ɗaya ya kumbura kamar burodi. Yaron ya ce ba komai, tunda ga tasrihi.

Ranar Juma'a bayan asuba ya roƙe ni in kai shi Abhur, bakin teku a arewacin Jidda, ya gwada, ni kuma ban san komai game da harkar ba a lokacin, na ɗauki makulli muka tafi. Ya ɗora jirgin a kan bonet yana ta murmushi, ya haɗa wayarsa. Taswirar da ta fito ja ce jawur a inda muke tsaye, jirgin ya ƙi motsi, kuma wani rubutu ya nuna cewa a ɗaure yake da asusun wani mutum can daban. Muna cikin haka wani jirgin fasinja da ya taso daga filin jirgin Jidda na Sarki Abdul'aziz ya keto ta samanmu, ƙararsa har cikin ƙirjina. Na ɗaga kai na dube shi, na dubi abin da ke kan bonet ɗina, gabana ya faɗi. Yaron ya tura wa mutumin saƙo, amsa ta zo nan take: a ƙara riyal 400 ya "buɗe" masa yankin. Na ce, "Ba ni takardar nan." Na haska bakod ɗin da wayata. Bai kai ni shafin wata hukuma ba, hoton takardar ce dai ya sake buɗowa. Kafin mu iso gida an toshe lambar yaron.

Tun daga ranar na zauna na bi kadin lamarin. Hukumar da ke kula da sufurin jiragen sama a Saudiyya, GACA, ita ke yi wa waɗannan jirage rajista, kuma tun farkon 2019 ta buɗe neman izini ta intanet. Kai da kanka kake shiga, da shaidarka, da lambar jikin jirginka. Ba a sayar da izini a haɗe da kwali kamar caja, kuma ba ya bin jirgi daga hannu zuwa hannu. Ko wanda ya yi rajista ta gaskiya, ƙa'ida ta tsayar masa da iyaka: kada ya wuce ƙafa 400 sama, wato kimanin mita 120, kada jirgin ya ɓace wa idonsa, kada ya kusanci filin jirgi ko wuraren tsaro. Takardar da ta ce "ko'ina a Mamlaka" ta tona asirin kanta tun daga layin farko. Wasu kuma za su ce maka ai ƙaramin nan giram 249 ne, bai kai 250 ba, don haka ba ruwan hukuma da shi. Zancen nauyi zancen rajista ne, bai ba ka sararin samaniyar filin jirgi ba, bai kuma ba ka damar leƙa gidajen mutane da kyamara ba.

Bari in ɗan tsaya a kan mita 120 ɗin nan, don ita ta hana ni barci. Jirgin fasinja idan zai sauka, a hankali yake gangarowa, a kan kusurwar digiri 3. Idan ka lissafa, sa'ad da ya rage masa kilomita 2 ya taɓa titin sauka, tsakaninsa da ƙasa bai fi mita 120 ɗin ba, kuma gudunsa ya kai wajen kilomita 250 a awa. Duk wanda ya taɓa zama a Nuzha ko Marwa, unguwannin da ke kusa da filin jirgin Jidda, ya san yadda suke wucewa ta kan rufin gidaje, tayoyi a waje. Matuƙi ba zai hango abu mai girman tafin hannu ba balle ya kauce masa. Tsuntsu nama ne da gashi, amma yana kashe injin jirgi, ina ga abin da ke ɗauke da batir da ƙananan injuna na ƙarfe. Filin jirgin Jidda ya ɗauki fasinja sama da miliyan 40 a 2023, cikinsu har da iyayenmu da ke tasowa daga Kano da Sakkwato da Yamai. A Ingila, cikin Disambar 2018, rahoton ganin duron kawai ya sa aka rufe filin jirgin Gatwick fiye da kwana guda, aka soke ko aka karkatar da jirage kusan 1,000, fasinja wajen 140,000 suka yi cirko-cirko. Ba a ma yi karo da komai ba.

Ƙasar nan kuwa tana da nata dalilin da ya wuce na Ingila. A Afrilun 2018 jami'an tsaro sun harbo wani ƙaramin duron na wasa a unguwar Khuzama ta Riyad, kusa da fadojin sarauta, ƙarar harbin ta tayar da hankalin gari a daren. Ranar 14 ga Satumban 2019 aka kai hari kan cibiyoyin man Aramco na Abƙaiƙ da Khurais da jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami, hakan ya tsayar da kusan rabin man da ƙasar ke haƙowa. Filin jirgin Abha ma ya sha irin wannan. To askar ɗin, wato jami'in tsaro, da ya ga abu yana shawagi kusa da filin jirgi ba zai fara tunanin hoton amarya ba. Idan ya kama ka, ka zaro takardar jabu mai tambarin hukuma ka miƙa masa, ka ƙara wa kanka laifi na biyu da hannunka. Ɗan ƙasa yana da dangi da lauya. Ni da kai igama ce kawai a aljihunmu, kuma duk mun san hanyar Shumaisi, inda ake tsare baƙi, da abin da ake nufi da tarhil, wato korar mutum zuwa ƙasarsu.

Maganar Harami ma ba ta kai a tsaya a kanta ba. Hotunan sama da kuke gani na hukuma ne, ita ke ɗauka, kuma a lokacin aikin Hajji jami'an tsaro da irin waɗannan jirage suke farautar masu kutsawa Makka ba tasrihi. Ka yi tunanin naka ya tashi a tsakiyarsu.

Amma duk wannan bai kai lambar nan da ya danna a Nafath ba. Nafath ƙofar shaidarka ce a ƙasar nan. Idan saƙo ya zo maka, ma'anarsa wani yana ƙoƙarin shiga wani wuri da sunanka a daidai wannan lokacin, danna lambar kuwa amincewarka ce. Da muka bincika ta Arqami, inda ake ganin layukan wayar da ke kan shaidar mutum, sai ga layi guda da yaron bai taɓa gani ba. Nan na gane asusun "kafili" da ya tura wa kuɗi: ina kyautata zaton na wani bawan Allah ne da aka yi wa irin wannan kafin shi. Gobe idan aka damfari wani da layin yaron, ƙofarsa za a ƙwanƙwasa. Riyal 2,500 sun tafi, mun haƙura. Maganar layin nan ce ta sa muka kwashe mako muna zirga-zirga tsakanin banki da kamfanin waya da ofishin 'yan sanda.

Na san dalilin da ya sa irin wannan ke cin kasuwa a cikinmu yanzu. Kafin rusau ɗin tsofaffin unguwannin Jidda da aka fara a ƙarshen 2021, idan mutum ya cuce ka a Karantina ko Gulail ko Sabil, kafin magariba an nuna maka ƙofar gidansu da wanda zai ja masa kunne. Yanzu an watse, wasu sun yi arewacin gari, wasu Makka, wasu sun koma gida, zaurukan waya suka zama kasuwarmu. Mutum ya yi maka Hausa sai ka ɗauka naka ne. Shi kuma ya san da yawa cikinmu takardunsu ba su cika ba, ko an cuce su ba za su doshi ofishin 'yan sanda ba. Su yake nema.

Wanda abin ya riga ya same shi, ya fara kiran bankinsa a rufe abin da za a iya rufewa, ya canja lambar sirrinsa ta Absher, manhajar harkokin takardu ta gwamnati, ya duba layukan da ke kan igamarsa, sannan ya kai ƙara ta manhajar Kulluna Amn ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, da hotunan hirar da rasit ɗin tura kuɗi. Kada ya goge komai don haushi. Dokar yaƙi da zambar kuɗi ta 2021 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5, amma sai an kai ƙara take aiki. Takardar jabun kuma a miƙa ta a matsayin shaida, kada a bar ta a waya ana yawo da ita.

Alhazai da 'yan Kano-Jidda, ku ma ɗan damfarar yana da tallanku, wai takardar za ta fitar muku da jirgin har gida. Tun 2016 hukumar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta hana tashin duron sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, takardar Jidda ko ta gaskiya ce ba ta da aiki a filin Malam Aminu Kano. Batiran da aka cire kuma ba a sa su cikin kayan awo, a hannu ake riƙe su, mai kumburi kuwa ba ya hawa jirgi sam.

Jirgin yana nan a kan kwabata, ba ya tashi, batirin da ya kumbura na binne shi cikin gwangwanin yashi a baranda. Masu kula da zauruka, don Allah ku duba tallan ku cire. Yadda za ku gane shi ko ya sake suna: a bidiyon Ka'abar, can kusurwar sama, an yanke tambarin gidan talabijin amma ba a yanke shi duka ba, kuma a hoton kwalin akwai jar darduma mai ƙonewar dutsen guga a gefe ɗaya.