Wasiƙa daga Luton: tankar yaƙi a cikin kwali

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da su Inna da yara baki ɗaya.

Ka tambayi abin da ke cinye mini dare a lokacin sanyi, tunda nan duhu kan rufe tun ƙarfe huɗu na yamma. To, tankokin yaƙi nake haɗawa, na roba, waɗanda tsawonsu bai fi ɗani ɗaya ba. Kada ka yi dariya, nan dattawa masu furfura ne suka fi yin abin. Wani abokin aikina ya ja ni ciki da ya gaya mini cewa tankar Churchill ta Yaƙin Duniya na Biyu a garin nan aka riƙa ƙera ta, a masana'antar Vauxhall, tun 1941.

Kwali ake saya, a ciki gutsattsarin roba ne jere a jikin firam, kowanne da lambarsa, da takardar zane mai nuna inda zai zauna. Kamfanin Airfix na Ingila ya yi suna da ƙananan, kashi 1 cikin 76 na girman tankar gaske, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Na Tamiya ta Japan, 1 cikin 35, sun fi tsada, amma ni su na fi so, don haɗinsu kan zauna daram ba sai ka yi ta goga da sanfefa ba. Churchill tana da jerin ƙananan ƙafafu 11 a kowane gefe, nan ne hantsaki da haƙuri ke aiki.

Haɗawa ma wasa ne in aka zo fenti. Matilda, tankar Ingila wadda ta fatattaki sojan Italiya a hamadar Masar a ƙarshen 1940, launi uku ake yi mata a miƙaƙƙun layuka. Bayan ka gama sai ka koma kana ɓata ta da gangan: tsatsa a bututun hayaƙi, ƙura a sarƙa, ƙujewa a bakin ƙofa inda takalmin soja ke takawa. Mai son ganin ainihin launin sai ya tafi gidan tarihin tankoki na Bovington a Dorset, ya tsaya gaban ta ƙarfen.

Abin da ya fi burge ni shi ne hidimar bayan ciniki. Wani kwalin da na saya ya zo babu ƙafa ɗaya. Na aika wa kamfanin lambarta, sai ga ta ta gidan waya a ambulan, ko sisi ban biya ba. Abin da ka saya ta intanet kuwa doka ta ba ka kwana 14 ka ce ka fasa. Ka tuna rubutun rasit na kasuwarmu, cewa kaya in sun fita ba sa dawowa? Wuƙar yankan robar ma ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba.

Sai dai babu tayi, babu "rage mini", balle bashi. Kuma aikin hannu wuta ne. Injin fesa fentina ya tsaya, kuɗin dubawa kawai ya kusa na sabo, alhali a gida da mai gyaran janareta na bakin layinmu ya farfaɗo da shi kafin la'asar. Yaranmu da ke ƙera mota da karan dawa da gwangwani, ba zane ba lamba, wallahi sun fi yawancin mutanen nan hannu. Kayan aiki ne kawai babu.

Zan aiko wa ɗanka kwali biyu na Airfix ta hannun mai zuwa. Fentin Humbrol na gwangwani ba ya shiga jirgi saboda yana kama wuta, don haka na ruwa zan haɗa masa. Ka ce ya rufe tankar da kwano in ya shafa, kada ƙurar hunturu ta manne. A gaida Inna, a ce maganin ƙafarta yana cikin jakar.