Ledar kilishinmu, abinda na gani a Guangzhou

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya su Inna, ya zafin Garwa, nasan yanzu ana shan sa.

Maganar ledar kilishi da kace in duba maka, na zaga wajen masu yinta. Anan ko ganyen shayi ne sai kaga an saka shi a jaka mai tsayawa da kanta, da zif a baki, mu kuma kilishin da yafi nasu komai daɗi muna naɗe shi a takarda, mai yana tsatsowa kafin mutum ya kai Ngaundere, abin yana min ciwo wallahi.

Wani mai shago ya yanka ledar da almakashi a gabana, ashe hawa 3 ce aka manne, ta waje ita ake buga suna akai, ta tsakiya alminiyam ce mai hana iska da haske shiga, ta ciki kuma ita ke narkewa ta liƙe idan an matse ta da inji. To Yaya ta tsakiyar nan ita zamu sa wa kuɗi, don labu, haɗin da ake tsoma naman a ciki, akwai man gyaɗa, iska da rana su ke canza masa wari. Akwai mai taga da ake hango kaya daga waje, tana da kyau a ido amma ni ban yarda da ita ba, hasken zai shiga.

Sai fuskar ledar, akwai mai ƙyalli akwai mara ƙyalli da suke cewa mat. Baƙa mat ita ake yayi anan, amma na taɓa ta da hannu mai maiƙo nan take shatin yatsa ya fito, ka haɗa da ƙurar hunturu a kasuwa, ai zata koma kamar tsohon kaya. Mai ƙyalli ko ana gogewa da tsumma shikenan. Rubutun ruwan gwal kam a barshi tukuna, kuɗi ne kawai.

Inda gida ya fi su shine yawa. Anan wajen buga rubutu a leda kowace kala da silindarta, ƙarfen da ke buga ta, kuma daban ake biya, ga shi yawanci basa tada inji sai leda 10,000 zuwa sama, mu ko mai buga takarda zai maka sitika 200 baya ko ɓata rai. Shiyasa nake ganin in turo ledar da ba rubutu ta jirgin ruwa zuwa Duwala, kai ka buga sitika a gida, ta roba ba ta takarda ba, ka sa guda a rana ka gani ko gam ɗin zai saki.

Kaurin ma na tambaya saboda dokar nan ta Kamaru da ta fara aiki a 2014, wadda ta hana siririyar leda ƴar mikiron 60 zuwa ƙasa (mikiron shine ma'aunin kaurin), wannan ta wuce haka nesa. Rubutun a yi shi da Faransanci da Turanci, da nauyi da ranar da aka yi. Ka auna min faɗin fallen kilishin da santimita ka turo ta WhatsApp kafin in biya komai, ka gaida Inna.