Ina Ya Kamata Ma'aikata Ta Ajiye Bayananta?

Ranka ya daɗe, in fayil ya iso teburinka kan inda za a ajiye bayanan albashi, haraji ko takardun filaye, hanyoyi uku ne a gabanka.

Ta farko ita ce manyan kamfanonin waje masu ajiye wa mutane bayanai ta intanet: AWS, Microsoft Azure, Google Cloud. Aikinsu kam ba laifi, da wuya ka ji sun tsaya. Sai dai da dala ake lissafin kuɗinsu. A farkon 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500, don haka kasafin da aka yi wa shekara ba zai kai rabinta ba. Manyan cibiyoyinsu mafi kusa da mu kuwa suna Afirka ta Kudu. Ka tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kwaddibuwa: mutane tsaye gaban mai POS da kati a hannu, amsa ɗaya ce, "ba sabis". Ofishin da rajistarsa ke can ƙetaren wannan waya, rufe taga kawai zai yi, talaka ya juya gida. Ga kuma dokar CLOUD Act ta 2018, wadda ta ba hukumomin Amurka damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasarsu ko a ina aka ajiye su.

Ta biyu, cibiyoyin cikin gida, irin su Galaxy Backbone ta gwamnatin tarayya da Rack Centre a Legas. Tun 2013 ƙa'idar NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta ce bayanan gwamnati su zauna a ƙasa. Amma kada kalmar "gida" ta ruɗe ka, injinan duk shigo da su ake yi, MainOne ma, mai irin wannan cibiya a Legas, kamfanin Equinix na Amurka ya saye ta a 2022. Tambaye su awa nawa suka tsaya bara, kuma a wane gari kwafi na biyu yake.

Ta uku, saba, wato babbar kwamfutar ajiyar bayanai, a ofis. Na taɓa ganin wata a ɗan ɗaki, na'urar sanyaya ɗakin ta mutu, lambar sirri kuma tana kan ɗan kwangilar da ke bin bashi. Ban ba da shawararta ba.

Ni dai albashi, filaye da bayanan jama'a gida zan ajiye su, shafin sanarwa da imel su tafi waje. Ko wanne ka zaɓa, kada ka sa hannu sai an rubuta cewa duk ranar da ka so za a miƙa maka bayananka cikakku, kuma za a horar da ma'aikatanka biyu ko uku su riƙe makullin.